Hoto na Biyu

Alheri na yi wa tsohuwar nan, ko kuwa cutar ta na yi? Tun ranar da na dawo daga unguwar Sa'alaba, a nan Jidda, tambayar nan take bi na ɗaki-ɗaki. In zauna a kan darduma ta tashe ni. In shiga kicin in tarar ban san abin da ya kai ni ba. In leƙa taga in ga manyan motocin unguwarmu Khumra suna wucewa da kaya, in koma in zauna, in sake miƙewa. Ɗana ya ce hawan jini ne, in sha maganina. Na sha, ban ga canji ba. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata, wadda ta yi boko a Kano kafin aure ya kawo ta nan, ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa. Ni ban san baƙi ba, na Larabci ko na boko, 'ya'yana kuma a Jidda suka tashi, Hausarsu ta kunne ce kawai. Wataƙila in maganar ta fita daga bakina ta kwanta a takarda, ni ma in samu in kwanta.

Mijina, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne. A Kasala ta ƙasar Sudan aka haife mu mu duka, a unguwar Hausawa, ƙarƙashin duwatsun nan masu santsi. Kakanninmu daga yamma suka taso a ƙasa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka ce bari su yi noma shekara ɗaya su wuce. Mu ne jikokin shekara ɗayan.

Shagonsa yana bakin kasuwa, gidanmu yana bayansa, ƙofa guda ta haɗa su, da labule a jikinta. A cikin shagon akwai kyamara a kan ƙafa uku, da kujera, da ƙaramin tebur mai ɗauke da tarho wanda bai taɓa yin ƙara ba, don ko igiya ba shi da ita. A bango kuma akwai wani babban ƙyalle da mai zanen motoci ya zana masa: teku, da jirgin ruwa yana hayaƙi, da dogayen gidaje, da jirgin sama a can sama. Mai zanen bai taɓa ganin teku ba. Daga wata kalanda da wani alhaji ya kawo ya kwaikwaya, ya ce Jidda ke nan. Akwai kuma kwat guda ɗaya, baƙa, a rataye a ƙusa, da agogon hannu wanda ya daɗe da tsayawa.

Aikina a ciki shi ne ruwa da wuta. In ya fito da hotuna daga ɗakin duhu, hannunsa yana warin magani, ni nake ɗauraye su a kwano, in shanya su a igiya tare da kayan yara. Kwat ɗin kuma ni nake goge ta da dutsen guga na gawayi, in ɗinke ta in ta yage. Ban cika ganin masu zuwa ido da ido ba. A cikin ruwa nake ganinsu, fuska tana lilo a gindin kwano.

Iyaka ba ta da nisa da mu. Wanda ya hau lori da hantsi, kafin azahar yana garin Tasanai, a ƙetaren iyaka. A can ƙetare ana sawra, wato mutanen ƙasar sun tashi suna neman kansu. Tun ina yarinya ake yi, na yi aure ana yi, na haihu ana yi. Wani lokaci ƙarar bindigar ta iso mana kamar ana daka a nesa. Wani lokaci kuma mu tashi mu ga bakin kogin Gash ya cika da mutane, mata da yara da akuyoyi, da gadaje a kan jakuna. Mijina ya ɗauke su da yawa, don kowa yana bukatar hoto kafin a ba shi katin abinci. Amma ba waɗannan nake so in ba da labari ba.

Akwai samari da suke tsallakowa Kasala su kwana biyu, sannan su koma, ba gida ba, daji, wajen masu yaƙin. Kafin su koma sai su biyo shagonmu. Hoto biyu kowannensu yake ɗauka, haka aka saba, ban san wanda ya fara ba. Na farko da kwat da agogo, hannu a kan tarho, teku a baya. Wannan shi ake ba direban lori ya kai wa uwa, da saƙon baki cewa yaro ya haye Jidda ya samu aiki. Ba don yaudara kawai ake yi ba. Sojojin da suke riƙe da garuruwan can, in suka shiga gida suka tarar saurayi ba ya nan, uwa da uba ake tambaya, kuma tambayar ba ta baki kaɗai ba ce. In akwai hoto a bango, ga yaro da kwat a Jidda, sai su wuce gida na gaba.

Na biyu kuma a tuɓe kwat, a naɗe ƙyallen teku, yaro ya tsaya a jikin farin bango yadda yake: gajeren wando, takalmin roba, suma a tsaye. Wannan ba ya fita daga shago. Kowa cewa yake, «Ajiye min, in ƙasa ta samu kanta zan zo in karɓa, in nuna wa 'ya'yana.» Mijina ba ya rubuta suna a bayan ko ɗaya, don kada wata rana akwatin ya faɗa hannun da bai kamata ba. A kansa yake riƙe su.

Wata rana da rani wani yaro ya zo, ɗan Hausawan Ali Gidir na can ƙetaren iyaka, masu noman auduga. Ina bayan labule na ji muryarsa, Hausarsa irin tamu. Da mijina ya ɗauko kwat, ashe maɓallin tsakiya ya cire a jikin wanda ya sa ta jiya. Ya miƙo min ita ta labule, ya ce in yi sauri. Na duba gwangwanin zare ban samu baƙi ba. Sai na yanke wani fari, babba, daga jikin rigata, na ɗinka. Kafin in gama na aika musu da ruwa, da kisira, wato shimfiɗaɗɗiyar wainar dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa, don na ji yaron ya ce tun jiya bai ci komai ba.

Ina jin su. Yaron ya ce, «Yaya, ka yi ni kamar wanda ya ci ya ƙoshi.»

Mijina ya ce, «Kai da ƙashin wuyanka ya isa a rataye buta? To kumbura kumatu. A'a, ba haka ba, yanzu ka zama mai ciwon haƙori. Saki kaɗan. Ɗaga tarhon nan, ka yi kamar kana yi wa wani faɗa.»

«Wa zan yi wa faɗa?»

«Yaranka mana. Kai babban mutum ne a Jidda, ka manta?»

Suka yi ta dariya. Da aka gama na biyun, sai dariyar ta ɗauke. Yaron ya ce shi kaɗai uwarsa ta haifa, ubansa ya rasu, kuma ya san halinta, in ta ji yana daji da ƙafarta za ta bi shi. Ya ce, «Yaya, ka rantse min da Allah ba za ta ji daga bakinka ba, sai na dawo da kaina na faɗa mata.» Mijina ya ce ai ba ya faɗin na kowa. Yaron ya ce shi dai rantsuwa yake so. Mijina ya rantse.

Da yamma na gan shi a cikin kwano. Dogo ne, mai wushirya, hannuwansa sun fi hannun kwat ɗin tsawo, wuyan hannunsa duk a waje. Ga farin maɓallina a tsakiyar cikinsa kamar ido.

Bayan wasu shekaru zama ya yi wuya a Kasala, mijina ya samu kafili, wato wanda zai tsaya masa ya yi aiki a Jidda, muka hawo jirgin ruwa daga Bur Sudan. Ranar da na ga Jidda ta gaske daga kan jirgi na ce masa mai zanen nan ya cuce mu, ba ta yi kama ba ko kaɗan. Muka sauka a unguwar Hindawiyya, ya shiga aiki a wani istudiyo, yana ɗaukar hotunan iƙama, wato katin izinin zama. Kwat da ƙyallen teku mun bar su a can, amma akwatin ƙarfen hotuna na biyu ya ce ko gadonmu a bari, wannan sai ya zo. Laimar garin nan ba ta son hoto, manne su take yi, ta cinye fuska. Don haka duk ranar Juma'a da hantsi mukan baje su a kan gado su sha iska, kowanne a kife, don ko yaranmu bai yarda su gani ba. Da yaƙin ya ƙare, wasu sun je Kasala sun yi cigiya, ƙanin mijina da ke can ya aiko, mijina ya tura musu nasu. Wani ya zo har nan da ƙafa ɗaya ya karɓi nasa, ya zauna a ƙofarmu yana kallon kansa da ƙafa biyu. Amma akwatin bai ragu sosai ba.

Wata rana, tun kafin ƙarshen yaƙin ma, ya dawo daga aiki na ajiye abinci bai taɓa ba. Na tambaya, ya ce zafi ne. Kwana biyu bayan haka aka yi suna a lungunmu, na je. Cikin matan akwai wata da ban sani ba, ta girme ni sosai, baƙa, siririya, mai tallar gyaɗa da turaren wuta, ba ta daɗe da tarewa a bayan masallacinmu ba. Ana cikin hira ta kwance bakin mayafinta ta fito da hoto a cikin leda, tana bin mata da shi ɗaya bayan ɗaya. Matan duk sun san shi, suna cewa, «Allah ya bayyana, Hajiya,» ba tare da sun kalla ba. Da ya zo hannuna na ga maɓallina.

Ban san yadda na miƙa mata shi ba. Ta ce, «Ɗana ne. Yana garin nan, yana aiki a ofis. Kin ga tarho? Sai dai tela ne ba su da shi a Jidda, dubi hannun riga.»

Ashe da shiru ya yi yawa, ba wasiƙa ba aike, sai ta sayar da shanunta biyu ta zo Hajji, ta ƙi komawa. Ta bi bakin teku da ƙafa daga tashar jiragen ruwa har inda gari ya ƙare, tana neman inda aka ajiye tebur da tarho. Da aka gaya mata ai wannan zane ne na istudiyo, sai ta ce to, istudiyon Jidda ne, ta koma bin istudiyo-istudiyo. Haka har ta faɗo istudiyon da mijina yake aiki, ran da ya dawo bai taɓa abincin nan ba. Ta ajiye masa hoton a kan tebur ta ce, «Ɗan nan, na ji kai namu ne. Duba min, aikin wane shago ne wannan?» Ya duba aikin hannunsa ya ce mata, «Wanda ya ɗauka ya iya aiki, Hajiya.» Abin da ya iya faɗa ke nan.

Na dawo daga sunan na same shi a tsakar gida. Na ce, «Malam, na ga maɓallina.» Ya ce, «Na sani.» Na ce, «To?» Ya ce, «To me? Kin ji da kunnenki abin da na yi.»

Ita kuwa ta ɗauke mu 'yan'uwa. Ta ce ni ƙanwarta ce, ni kuma ina ce mata Yaya. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta zo, bayan mun riga mun kwashe hotuna mun tura akwatin ƙarƙashin gado. A kan gadon nan take zama. Ɗanta yana ƙarƙashinta, tsakaninsu katifa da ƙarfe. In na dafa gahawa ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, «Mutanen Kasala, Allah ya shirye ku. Wannan gahawa ce ko ruwan wanki? Kawo jabanar nan ta dafa gahawa, kawo citta, zauna ki koya.» In mijina ya shigo ta ce, «Mai hoto, yau fuska nawa ka kalla? Ba ka ga mai wushirya ba?» Ya ce, «Yau duk masu gemu ne, Hajiya.» Ta ce, «Ai shi ma yanzu ya yi gemu, wawa. Ka riƙa sa su dariya kana duba haƙora.» Ya yi murmushi, ya fita, ba zai dawo ba sai ta tafi.

Mun yi faɗa da shi a kan maganar nan fiye da duk abin da muka taɓa yin faɗa a kansa. Muddin ana yaƙi, cewa yake yaron yana iya dawowa. Da aka gama, ya ce a jira, mutane suna ta ɓullowa. Ya sa an yi masa cigiya a wajen waɗanda suka dawo, wani ya ce ya taɓa ganin mai kama da shi a wani dutse, wani ya ce bai sani ba, su a daji ba da sunan gida ake kiran mutum ba. Na matsa masa ya je wajen limamin unguwa, bai faɗi ko wace ce ba. Liman ya ce ya yi kaffara ya faɗa. Ya dawo ya zauna ya ce min, «Kaffara mai sauƙi ce. Amma yanzu yaron nan yana da rai, yana da gemu, yana hawa mota. Ran da na buɗe baki, ni na kashe shi. Kuma ban ga gawarsa ba.» Na ce, «Ita kuma fa?» Ya ce, «Ita da me take tashi da safe?»

Gaskiya ce, da shi take tashi. Duk inda ta kasa gyaɗarta, fuskokin maza take kallo, ba hannuwansu ba.

Amma shekaru suna juya mutum. Da ƙafafunta suka fara kumbura, gwiwa ta ƙi, sai addu'ar da take yi masa ta fara canja launi. Da can cewa take wataƙila kafilinsa mugu ne, ya hana shi fita. Daga baya ta ce wataƙila mata ce ta riƙe shi. Wata Juma'a, tana riƙe da finjali, ta ce, «Ƙanwata, na gama ba shi uzuri. In yana garin nan yana cin shinkafa da kaza a cikin sanyi, ni ina gasuwa a rana da farantin gyaɗa, to ban yafe masa nonon da ya sha ba.» Mijina yana bakin ƙofa yana sa takalmi. Na ga hannunsa ya tsaya. Na ce, «Haba Yaya, ki yi istigfari.» Ta ce, «Ban yafe ba. Halas, magana ta ƙare.» Kuma ta ci gaba da faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a gaban kowa.

Daga ranar mijina bai ƙara zama daidai ba. Lokacin aikin istudiyo ya riga ya mutu, kowa da kyamara a wayarsa, ya koma gadin wani sito a nan Khumra. Sau da yawa ya sa hoton a aljihu ya fita zuwa bayan masallaci, ya dawo da shi. Ana haka ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi jinya a gida, harshensa ya yi nauyi, magana sai da ƙyar. Ya yi min magana guda a ƙarshe, ita ta sa ni a wannan hanya. Zan zo kanta, yanzu bakina ba zai iya ba. Wayyo Malam. Bar ni in share fuskata.

Ta zo ta'aziyya, aka riƙo ta, ta rungume ni ta yi kuka ta ce mai hoto ya tafi bai samo mata ɗanta ba. Ɗaki cike da mata, ba wurin magana ba ne. Na ce in na fita takaba. Ban fita ba aka zo aka shafa jan fenti a bangon lungunmu, rusau ya iso. Kowa ya kama kansa, mota nan mota can, wanda ka yi shekara talatin kana jin tarinsa ta bango ba ka san inda ya nufa ba. Ɗana ya kwaso ni zuwa Khumra, da akwatin a kan cinyata. Da na tambayi tsohuwa, wasu suka ce Makka, wasu suka ce an mayar da ita gida. Na yi ta aike, na yi ta sa a buga waya. Fiye da shekara kafin wata mai kitso ta ce min tana Sa'alaba, a wajen jikar ƙanwarta.

A hanya na shirya yadda zan yi. Ba zan ce komai ba. Zan sa mata hoton a hannu, ta ga takalmin roba da farin bango, ta gane da kanta, don duk mutumin can ya san wannan shigar. Hoto ya yi maganar, ni in yi shiru. Da wannan dabarar na samu ƙarfin shiga mota.

Na same ta a zaune a kan kujera a bakin ƙofar gidan, fuskarta tana fuskantar titi. Jikar ta ce kullum nan take wuni. Na yi sallama, ta karkato kunne. Idanunta duka biyu sun yi fari fat.

«Muryar wa nake ji? Matar mai hoto? Ke 'yar banza, sai yau? Kin zo min da ruwan wankin naki?»

Muka shiga ciki, aka kwantar da ita a gado, jikar ta ba mu wuri. Na ciro hoton na sa a tafin hannunta, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba. Ta shafa shi gaba da baya.

«Mene ne?»

«Hoto ne, Yaya.»

«To ni da wane ido? Na wa ne? Faɗa min.»

Na waiga ƙofa. Wallahi na so in ce na jikana ne. Sai na ji bakina yana cewa, «Wani yaro ne dogo, mai wushirya. Yana tsaye a jikin farin bango. Gajeren wando ne a jikinsa, da takalmin roba, sumarsa a tsaye. A Kasala aka ɗauka, a shagonmu, rana ɗaya da wanda yake bakin mayafinki. Kwat ɗin tamu ce. Tekun zane ne a bangonmu. Bai taɓa zuwa Jidda ba, Yaya. Daji ya shiga. Ya sa Malam ya rantse, don kada ki bi shi, kuma don kada sojoji su taɓa ki. Ya ce zai dawo ya karɓi wannan. Bai dawo ba. Ba mu san abin da ya same shi ba.»

Na jira ihu, na jira zagi. Sai ta ce, a hankali, «Ya ci abinci a gidanku ran nan?»

«Ya ci.»

«Me ya ci?»

«Kisira da miyar kuɓewa.»

«Ya ƙoshi?»

«Kwanon ya dawo a sharɓe.»

«Haka yake. Ba ya rage miya.»

Ta lalubi bakin mayafinta, ta kwance, ta ciro na farkon daga ledarsa. Ta riƙe ɗaya a dama, ɗaya a hagu, har ta rikice ta ce in gaya mata wanne ne wanne. Na gaya mata. Ta tura na biyun cikin rigarta, a kan ƙirji. Na farkon ta miƙo shi wajen da take jin numfashina.

«Karɓi kwat ɗinku.»

Na karɓa.

«Duk Juma'ar nan da nake zuwa, yana ina?»

«Ƙarƙashin gadon, Yaya.»

Ta gyaɗa kai. Ta juya ta fuskanci bango. Na durƙusa a bakin gadon ina kuka, na ce, «Yaya, mu ko ba ki yafe mana ba, shi kin yafe masa?» Ta ce, «Wannan tsakanina da ɗana ne. Ja min ƙofar.»

Ban sake ganinta ba. Na koma, jikar ta tare ni a waje, ta kira ni khala, wato inna, ta ce, «Ki yi haƙuri, ta ce ba yanzu ba.» Ita nake bugawa a waya, ita take ba ni labari. Ta ce tun ranar tsohuwa ba ta ƙara cewa a fitar da ita bakin ƙofa ba, kujerar ma an shigar da ita. Abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu. Ta daina tsokanar mutane. Amma ta ce duk Juma'a sai ta sa an yi kisira da miyar kuɓewa an kai ƙofar masallaci sadaka, kuma ba ta ƙara faɗin maganar nonon nan ba.

To ga shi. In na tuna sadakar sai in ce na kyauta, uwa ba ta yi wa wanda take fushi da shi sadaka. In na tuna kujerar kuma sai in ce mace tana zaune a bakin ƙofarta da abin jira, na je na kwantar da ita. Hoton kwat ɗin yana nan a jakata, na rasa inda zan sa shi. A akwati ba wurinsa ba ne, a bango ba zan iya ba. Sauran kuma ina baje su duk Juma'a ni kaɗai, a kife, samarin da babu wanda ya san sunansu a duniya tun da Malam ya tafi da su a kansa. Da yana nan da na tambaye shi ko haka yake nufi, ko akwai yadda ake faɗa wanda ya fi nawa.

Ranar da Malam ya yi min maganar nan ta ƙarshe, Juma'a ce ita ma, da hantsi. Na baje hotunan a gefensa a kan gado, don ko da yake kwance bai yarda a fasa ba. Ya bi bayansu da hannunsa mai motsi, ya tsaya a kan ɗaya, ya jawo shi ba tare da ya juya shi ba, ya tura min. Na sunkuya na kai kunnena bakinsa. Bayan wannan bai ƙara cewa komai ba sai salati, har Allah ya karɓi abinsa. Ya ce:

«Ni na rantse masa. Ke ruwa da abinci kawai kika ba shi. Kada ki bari ta tafi tana fushi da yaron nan.»